Dokta Wanda Ba Ya Allura: Daga Tasawa Zuwa Ƙarar Da Duniya Ta Saurara A 2015

 

Ran kasuwar da ta wuce na je gida, sai wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni gindin bedi. Bayan mun gaisa ya ce: "Ɗana, ku da kunka yi lakwal, kuma kullum muna jin muryarka a rediyo, ka gaya mani gaskiya. Jikana ya kai shekara talatin, sa'o'insa duk sun aje iyali, shi ko har yanzu wai karatu yake. Na ce mi kake nema? Ya ce doktora a fizik. Na ce to likita za ka zama? Ya ce a'a, shi ba ya allura. To wane irin dokta ne wanda ba ya duba marar lahiya?"

Na yi dariya, na ce Baba ka yi haƙuri, ilimi ne. Amma da na koma ɗaki maganar ta hana ni barci, don amsar ba ta gamsar da ni ba, balle shi. Ni a lise na tsaya. Fizik ɗin da na sani shi ne wanda mushe ke rubutawa a tabulo muna kwafewa a kaye. Shi ya sa na zauna na bi tarihin abin, kuma yau nake so in ba Baba amsarsa a gaban kowa, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Mu fara da ita doktorar, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma digirin digirgir. Tun daga ajin farko har lisans da mastar, ɗalibi yana shan ruwan rijiyar da wasu sunka gina ne. A doktora ake miƙa masa diga a ce je ka gina taka, inda ba wanda ya taɓa ginawa. Sai ya yi shekara uku, huɗu, wani har biyar, kan tambaya guda wadda malaminsa ma bai san amsarta ba. In ya gama ya rubuta kundi, wanda ake kira tez, ya tsaya gaban manyan malamai su yi ta tona shi da tambayoyi. Mu mutanen ƙasar Dakwaro ba sai an gaya mana mi ake nufi da rijiya mai zurfi ba, mu da sai an ɗaura ma sa ko raƙumi igiya kafin wasaki ya fito. Mun kuma san wanda ya fara sara ba lalle shi ke fara shan ruwan ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

RANAR DA ANKA JI MOTSIN SARARI

Ranar Litinin 14 ga Satumba 2015, ƙarfe 11 saura minti 10 na safe agogon Nijar, saura kimanin kwana goma Sallar Layya, mu nan hankalinmu na kan gero da kuɗin rago. A daidai wannan lokaci wasu na'urori biyu a Amurka, ɗaya a Livingston ɗaya a Hanford, nisan kilomita 3,000 tsakaninsu, sunka kama wani motsi da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Ta Livingston ta fara ji, ta Hanford ta biyo baya da kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa. Sunan na'urorin LIGO.

Mi sunka ji? Akwai wasu abubuwa a sararin samaniya da ake kira baƙin rami. Gawar babban tauraro ce da ta dunƙule, ƙarfin janta ya kai ko haske in ya shiga ba ya fitowa. To irin waɗannan guda biyu ne, ɗaya ya kai nauyin rana sau 36, ɗayan sau 29, sunka yi ta zagaya juna har sunka haɗe. Wannan karo ya faru kimanin shekara biliyan 1 da miliyan 300 da sunka wuce. Girgizar ta kama hanya tun lokacin, tana gudu irin na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai ran wannan Litinin ta iso duniyarmu.

Don a gane wace irin girgiza ce, ku ɗauka mutum huɗu sun ja bargo sun miƙe shi, an aje dutsen niƙa a tsakiya. Bargon zai lotsa, kuma in ka saki ɗan goruba a gefe zai gangara wajen dutsen. Albert Einstein ya nuna a 1915 cewa haka nauyi ke aiki: rana da taurari suna lotsa sararin da ke kewaye da su, shi ya sa duniya ke zagaya rana. In kuma ka girgiza dutsen, bargon zai kaɗa har bakinsa, kamar yadda ruwan tabki ke yi in yaro ya jefa tsakuwa. Wannan kaɗawa ita ce igiyar nauyi, wadda a littafin Faransanci ake rubutawa ondes gravitationnelles. In ta ratsa wuri sai ta ɗan miƙe shi ta ɗan matse shi, har da ni da ku, amma ƙanƙantar abin ta wuce a ji a jiki.

Kowace na'urar LIGO tana da hannu biyu, bututu ne mai tsawon kilomita 4 da anka zuƙe iskar cikinsa, hasken lazer na kai da komo tsakanin madubai. Canjin tsawon da sunka auna ya yi kama da a auna nisan da ke tsakaninmu da tauraron da ya fi kusa bayan rana, a gane ya ƙaru da kaurin silin gashi. Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan rediyo shi ne, saurin kaɗawar ya faɗo daidai inda kunnen mutum ke ji. Da anka mai da shi sauti sai anka ji ɗan gajeren kuka mai tashi sama kamar na tsuntsu. Tun da anka fara ilimin taurari ido ke aiki. Ran nan anka samu kunne.

Masu binciken ba su yi gaggawar shela ba. Wata biyar sunka yi suna tantancewa, kar ya zama kuskuren na'ura ne ko wasan wani. Sai 11 ga Fabrairu 2016 sunka sanar, kuma takardar da sunka fitar tana ɗauke da sunan mutum sama da 1,000, cikinsu har da ɗalibai masu doktora birjik. A 2017 anka ba uku daga cikin jagororin aikin, Rainer Weiss, Barry Barish da Kip Thorne, kyautar Nobel.

SHEKARA ƊARI ANA GINA RIJIYA GUDA

Einstein ya faɗi akwai waɗannan igiyoyi tun 1916. Ku lissafa, shekara 99 kenan tsakanin faɗi da ji. Hujjar farko da ta ɗaga ra'ayinsa kan nauyi ma a kusa da mu anka same ta. Ranar 29 ga Mayu 1919 an yi husufin rana, wani masani ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya zo tsibirin Principe da ke tekun Gine, kudu da Najeriya, ya ɗauki hoton taurari, anka ga haskensu ya karkata da ya bi ta gefen rana, kamar yadda lissafin ya ce. Duk da haka batun igiyoyin ya daɗe cikin gardama. Shi kansa Einstein a 1936 ya rubuta cewa babu su, daga baya ya gano kuskuren lissafinsa ya gyara. A 1969 wani Ba'amurke, Joseph Weber, ya ce ya kama su da manyan sandunan alminiyam. Wasu sunka gwada irin na'urarsa ba su ga komi ba. Ya yi kuskure, amma shi ya jawo hankalin mutane kan cewa abin na iya aunuwa.

Nan ne ɗalibai sunka shigo. A 1967 wata yarinya ƴar shekara 24, Jocelyn Bell, tana doktora a Cambridge ta Ingila. Ita da abokan aikinta sunka kafa wata eriyar rediyo a fili, da turaku da waya, tana duba takardar da na'urar ke zanawa mita bayan mita da idonta. Sai ta lura da wani ɗan zane da ke maimaituwa kowace daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori. Wani zai ce hayaniyar na'ura ce ya wuce. Ita ta nace. Ashe sabon nau'in tauraro ne da ba a taɓa sani ba, ɗan ƙarami mai tsananin nauyi, yana juyawa yana watso igiyar rediyo kamar agogo. Ana kiransa pulsar. Da anka tashi ba da Nobel a 1974 malaminta anka ba, ba ita ba. A 2018 ta samu wata kyauta ta dalar Amurka miliyan 3, ta ba da kuɗin duka don a ɗauki nauyin ɗaliban doktora a fizik, mata da waɗanda ba a cika ganin irinsu a fannin ba.

A 1974 wani ɗalibin kuma, Russell Hulse, ɗan shekara 23, yana nasa binciken a babbar eriyar Arecibo mai faɗin mita 305 a tsibirin Puerto Rico. Ya ci karo da wani pulsar da lokacinsa ya ƙi zama daidai, yau ya yi sauri gobe ya yi jinkiri. Ya ɗauka kwamfutarsa ce ke da matsala. Daga baya ya gane tauraron na zagaya wani ɗan uwansa ne, zagaye guda cikin awa 7 da minti 45. Malaminsa Joseph Taylor da abokan aikinsa sunka bi su shekara da shekaru, sunka ga suna matsowa kusa da juna da kimanin mita 3 da rabi kowace shekara, daidai da abin da lissafin Einstein ya ce zai faru in igiyar nauyi na kwashe musu ƙarfi. Wannan karon ɗalibi da malami tare sunka karɓi Nobel a 1993.

Ita LIGO ta farko ta yi aiki daga 2002 zuwa 2010 ba ta ji komi ba. Shekara takwas. Ku yi tunanin ɗaliban da sunka shiga doktora sunka fita cikin wannan lokaci, sakamakon kundinsu shi ne mun saurara ba mu ji ba, ga dalili, ga abin da za a gyara. Wani ya ƙare ƙuruciyarsa kan yadda za a rataya madubi kar girgizar mota ta taɓa shi, wata kan yadda za a tace hayaniya. Da waɗannan gyare-gyare anka sake gina na'urar, kuma tana komawa aiki a Satumban 2015 ta ji. Su ne masu sarar da ba su sha ruwan farko ba.

ƊAYA GEFEN: ƘWAYAR ZARRA

Fizik na da wani reshe da ke duba mafi ƙanƙantar abu, wato ƙwayar zarra da ɓarɓashin da ke cikinta. Shi ma da kundin ɗalibai ya tashi, kuma farkonsa ya shafe mu kai tsaye, don da yuraniyom ya fara. A 1896 Henri Becquerel a Paris ya gano yuraniyom na fitar da wani haske da ido ba ya gani. Marie Curie ta ɗauki wannan a matsayin tambayar doktorarta. Ita da mijinta sunka yi ta dafa tan-tan na ƙasar ma'adini a wata tsohuwar rumfa, kafin ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom. Ta kare kundinta a watan Yuni 1903, ta samu Nobel a ƙarshen shekarar. Daga wannan aiki anka samu hanyar gasa ciwon daji da haske, daga nan kuma darajar dutsen da kamfanin SOMAÏR ya fara haƙowa a Arlit a 1971 ta samo asali.

A 1964 Peter Higgs da wasu masana sunka lissafa cewa dole akwai wata ƙwaya da ke da alaƙa da yadda sauran ƙwayoyi ke samun nauyi. Don a gan ta sai da anka yi amfani da wani rami mai zagayen kilomita 27, kimanin mita 100 ƙarƙashin ƙasa, a cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, inda ake gwara ƙwayoyi da juna a guje. An sanar da ganinta 4 ga Yuli 2012, shekara 48 bayan lissafin. Higgs na zaune a zauren, tsoho ɗan shekara 83, yana share hawaye. A irin waɗannan gwaje-gwaje ɗaliban doktora ne ke kwana gadin na'ura, su ke tace bayanan.

Akwai kuma Louis de Broglie, wanda ya kare kundinsa a Paris a 1924, inda ya ce ƙwayar elektron ma tana tafiya kamar igiya. Malaman da sunka saurare shi sun yi shakka, amma gwaji ya gaskata shi, anka ba shi Nobel a 1929. Ku riƙe wannan shekara, don ita za ta dawo da mu gida.

ƊAN DA ANKA HAIFA A TASAWA

Ranar 26 ga Yuni 1929 anka haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, nan cikin jiharmu ta Maraɗi. Da yawanmu mun san sunan ne kawai a ƙofar jami'ar Yamai, ba mu san ko wane ne ba. Ya yi firamare a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan makarantar William Ponty ta Sanagal, wadda a zamanin mulkin mallaka ita ce ƙololuwar abin da akasarin ƴan Afirka ta Yamma ke iya kaiwa: ka fito mushe, ko akawu, ko mataimakin likita. Shi bai tsaya nan ba. Ya wuce Paris ya karanta fizik, kuma a 1956 ya ci jarrabawar agiregasiyon, wadda Faransawa kansu ke tsoro, ya zama na farko daga ƙasashenmu na renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Da wannan takarda zai iya zama a Faransa ya ci albashinsa cikin kwanciyar hankali. Sai ya dawo Dakar yana koyarwa. A 1958, da Gine ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, makarantu sunka rasa malamai. Yana cikin ƴan Afirka da sunka tafi Konakiri don cike gurbin. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a ilimin makamashin rana. A 1964 ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya soki karatun da Turawan mulki sunka bari, ya kuma kare koyar da yara cikin harsunansu. A wannan shekara ya sauka Bamako ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na Mali.

Doktorarsa ta ƙasa a fizik a 1967 ya same ta, shekarar da Jocelyn Bell ta ga tauraronta. Baba, ka lissafa: yana da shekara 38. Jikanka bai kai nan ba tukuna.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, ya riƙe shi har 1985. Tambayarsa mai sauƙin faɗi ce. Ƙasa ce da ba ta da teku, man fetur daga waje yake zuwa a lokacin, itace na ƙarewa, mata na tafiya mai nisa neman na girki, ga rana na dukanmu kyauta tun safe har yamma. Mi zai hana a sa ta aiki? A ƙarƙashinsa anka ƙera tukunyar ɗumama ruwa da rana, murhun rana, na'urar busar da abinci da ta tace ruwa, anka yi aiki kan injin da zafin rana ke juyawa don jan ruwa. Ya yi wannan tun lokacin da manyan ƙasashe da yawa ke ɗaukar makamashin rana abin wasa. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Ya rasu 7 ga Afrilu 1991, a 1992 anka sa ma jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa.

Bai ga pano a kan rufin shagon cajin waya na ƙauye ba. Bai ga foraj mai aiki da rana ba. Bai ga tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018 ba, ko ta Gorou Banda mai megawat 30 ta 2023, wadda ta zo a shekarar da anka yanke kuran da ke zo mana daga Najeriya, kowa ya ɗanɗana duhu. Ba shi ya ƙera waɗannan panon ba, gaskiya ce. Amma tun shekara 50 baya ya nuna inda ruwan yake, ya kuma horar da mutanen da za su ci gaba da ginin. In da abin da za a yi baƙin ciki a kai, shi ne yau muna sayen panon daga waje alhali mun riga mutane da yawa farawa.

TO INA AMFANIN?

Wani zai ce na Abdou Moumouni mun gane, rana ce, tana jan ruwa. Baƙin ramin da ya yi karo tun kafin a yi mutane fa, mi ya haɗa shi da tuwon dare? Ga amsa daga sana'ata. A 1865 James Maxwell ya lissafa a takarda cewa akwai igiyar lantarki da ke tafiya a sarari. A 1887 Heinrich Hertz ya samar da ita a ɗakin gwaji, tsakanin tebur da tebur. Ba wanda ya ci abinci da ita ran nan. A 1958 anka buɗe Rediyo Nijar, yau kuma da wannan igiya nake gaya muku farashin gero da sanarwar allurar rigakafi. Na'urar GPS da direba ke bi cikin Tenere, in ba a sa gyaran lissafin Einstein a agogon taurarin ɗan Adam ba, za ta riƙa kuskure da kimanin kilomita 10 kowace rana. Tsarin shafukan intanet da kuke karanta wannan rubutu da shi, a CERN anka ƙirƙiro shi a 1989, don masu binciken ƙwayar zarra su riƙa musayar takardu. Shi ma panon, fahimtar yadda haske ke tayar da lantarki ta bi ta kan wata takardar Einstein ta 1905. Ba ɗaya cikin waɗannan da anka fara don kasuwa.

Ga kuma wani abin da ya sa na yi shiru da na karanta. Ranar 17 ga Agusta 2017 LIGO da takwararta Virgo ta Italiya, wadda Faransa da Italiya sunka gina, sunka kama karon wasu taurari biyu irin waɗanda Hulse ya gano. Wannan karon an ga hasken, na'urorin hangen nesa kusan 70 sunka juya wajen. A cikin hasken anka samu hujjar cewa a irin wannan karo ake ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinare da yuraniyom. Ma'ana, zinaren Jado da samarinmu sunka yi ta tururuwa a kansa tun 2014, da yuraniyom ɗin Arlit, asalin wani babban kasonsu daga irin wannan wuta yake, tun kafin a yi duniya. Ikon Allah. Dukiyar na ƙarƙashin ƙafarmu, ilimin asalinta da sarrafa ta na hannun wasu. Wanda ya san abu shi ke sa masa farashi.

Afirka ba ta zauna ba. Maroko, Masar da Afirka ta Kudu suna cikin gwaje-gwajen CERN. Tun 2010 akwai makarantar fizik ta Afirka da ke zagaya ƙasashe duk shekara biyu: ta fara a Afirka ta Kudu, ta zo Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. Cikin waɗanda sunka kafa ta akwai Kétévi Assamagan, ɗan Togo, wanda ke aiki a gwajin ATLAS, ɗaya daga cikin biyun da sunka ga ƙwayar Higgs. A gida, jami'ar Yamai na da cibiyar binciken sinadarai masu fitar da haske, kuma tun 2010 Maraɗi na da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, tana da tsangayar kimiyya. Yaron Tagriss ba sai ya ƙetare ƙasa zuwa Sanagal kamar Abdou Moumouni kafin ya fara ba.

Matsalar tamu a ƙasa take. Doktora ba a jami'a take farawa ba, a ajin farko take farawa, cikin rumfar kara da iska ke ɗauka in damina ta kusa. Kowa a nan ya san yaro mai kaifin lissafi da anka cire daga lakwal don kiwo, ko ya bi mota zuwa wurin zinare. Kowa ya san yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji, ta kai sizyam anka ce ya isa. Ni kaina na zauna benci ɗaya da wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya bar kolej don ba mai riƙe shi a garin da makarantar take. Ba na zargin iyaye, na san mi ake nufi da rumbu ya ƙare a watan bakwai. Amma cikin waɗannan yara muke asarar masu gina rijiya, kuma ba mu ma san mun yi asarar ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wanda ke da ɗaki a Dakwaro ko Maraɗi ya riƙe ɗan ƙauye guda ya yi kolej. Ƴan uwa na tafiya, in kuna aiko da na Sallah ku tuna da kuɗin kaye da bik. Ɗalibanmu na jami'a, in kun zo hutu ku shiga aji ku yi ma ƙannenku bayani da Hausa, kamar yadda Abdou Moumouni ya nema tun 1964. Ƙofar shirina a buɗe take ga duk wanda zai zo ya yi mana bayanin bincikensa da harshen da tsohuwa za ta gane. Ku ma masu doktorar akwai hakki a kanku: in kaka ya tambaye ku mi kuke nema, kar ku ce ba zai gane ba.

Baba, ga amsarka. Jikanka ba zai yi maka allura ba. Rijiya yake gini, mai zurfi, kuma mai yiwuwa ne ba kai za ka sha ruwanta ba, wataƙila ma ba shi ba. Haka kai ma ka dasa bedin da munka tsaya a gindinsa. In ya zo hutu ka sa shi gaba ya yi maka bayani har sai ka gane, sannan ka sa masa albarka ya koma ya ƙarasa. Batun auren kuma, wannan tsakaninku ne, ba ni shiga.

Wanda ke da waya ya karanta ma wanda ba ya da ita. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu damina mai albarka.